Teburin Guntuwa

Almakashin ya ci rabin yadin ke nan yatsan ya taɓa shi. Dogo ya sunkuya ya miƙa hannu can ƙarshen tebur yana bin layin alli, sai ya ji abin a inda ya saba jin sa, ƙasan allon kafaɗarsa ta dama, kamar an soka masa ɗan yatsa an murza. Hannunsa ya zabura. Almakashin ya bar layi ya shiga gaban rigar, ya yi tafiyar da ba wanda ya aike shi.

Ya tsaya yana kallon ɓarnar. Yadi ne mai santsi, ruwan toka, na wata malamar makaranta da ta ce za ta sa rigar ranar da za ta fara aiki a sabon wuri. Ko duk telolin layin za su haɗa kai ba su da dabarar ɓoye wannan yanka.

"Na ji," in ji shi a hankali. Ba kowa a shagon sai shi da fanka.

Mutanen layin sun san Dogo tela yana fama da ciwon baya tun bayan rasuwar matarsa, kuma ba wanda bai zama likita a kansa ba. Mai gyaran agogo da ke jikin shagonsa ya kawo masa wani man zafi mai warin da ke korar masu kawo ɗinki. Mai sayar da zare ta ce katifa ce, ya koma kwana a ƙasa. Wani direba ya rantse cewa in yana rataye kansa a jikin ƙofa kowace safiya, ko labarin ciwon ba zai ƙara ji ba. Dogo ya karɓi kowace shawara da godiya, ya shafa na shafawa, ya sha na sha. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne ba ya son ya warke.

Matarsa gajera ce ƙwarai. Guntuwa yake kiran ta, ita kuma ba ta taɓa kiran sa da komai ba sai Dogo, har 'ya'yansu suka yi wayo suna zaton sunansa ke nan. In suna tafiya tare a titi mutane kan juyo su sake kallo, ita kuwa sai ta ƙara ɗaga kai. A shago ita ke yanka, shi ke ɗinki. Shi ya koya mata riƙon almakashi, amma ba a daɗe ba ta wuce shi. Kallo ɗaya za ta yi wa mutum ta san inda kafaɗarsa ta sauka. Dogo kuwa ba shi da girman kai sai a kan tsayinsa, saboda haka ya koma kan keken ɗinki ya bar mata tebur.

Teburin a lokacin nasa ne, an yi shi daidai ƙugunsa, ita sai ta hau wani akwatin katako kafin ta kai. Ranar da akwatin ya goce da ita tana ɗauke da cikin Auta, Dogo bai ɓata lokaci ba. Ya aro zarto, ya kwantar da teburin, ya rage masa ƙafafu. Ya tattara guntayen huɗu zai zubar, ta ce ya ajiye mata kayanta. Da su ta riƙa danne yadi in za ta yanka, ɗaya a kowace kusurwa, don kada fanka ta ɗaga shi. Shekara da shekaru hannunta na ɗaukar su yana ajiyewa, har suka yi duhu suka yi sumul, kaifin gefensu ya mutu.

Tana da wata ɗabi'a kuma. Duk lokacin da ta wuce ta bayansa ta gan shi ya duƙufa a kan keke, sai ta soka masa yatsa ƙasan allon kafaɗa ta ce, "Dogo, miƙe." Sai ya miƙe, ta wuce, ya koma yadda yake. A haka suka yi ta yi har furfura ta cika masa kai.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ba su lokacin shiri ba. Da ya sake buɗe shago babu mai yanka sai shi, sai ya tsaya a gaban teburinta, wanda bai wuce cinyarsa ba, ya naɗe kansa biyu ya kama aiki. Da farko wuyansa ne ke tashi a sandare da safe. Daga baya wani zafi ya shimfiɗe a gadon bayansa, tsakanin kafaɗu, kamar an ɗora masa dutsen guga an manta. Wannan duk ciwo ne, ya san shi a matsayin ciwo. Yatsan daban ne. Ba ya zuwa sai ya miƙa hannu can ƙarshen tebur, kuma ba ya kuskure wuri. Ranar farko da ya ji shi sai da ya juya. Ya ga labulen ɗakin gwaji yana motsi, ya ga kujerarta da zanen da ta saba yafawa a jiki, bai ga kowa ba. Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da ya kasa yi ranar da aka binne ta. Tun daga ranar, duk safiya in ya buɗe ƙofar shago, jiran yatsan yake yi.

Yana tsaye a gaban yadin malamar Auta ta shigo da kwanon abincinsa. Duk 'ya'yansu tsayinsa suka ɗauko, Auta ma sai ta rusuna kafin ta wuce labulen ƙofa. Babu wanda ya gaji gajartar uwar sai teburin.

Ta dubi yadin, ta dube shi. Ya fara cewa almakashin ne ya dakushe. Ta ajiye kwanon, ta durƙusa ta jawo buhun tarkace daga ƙarƙashin tebur ta zazzage. A cikin ƙananan ƙyallaye akwai manyan yankuna da ba su da dalilin zama a wurin: hannun riga da aka yanke a karkace, bayan kwat ɗin wani da almakashi ya ratsa. Ashe ta daɗe da sani.

Ta gaya masa abin da suka yanke ita da yayanta, ba ta ɗaga murya ba. In aka sake ɓata kayan mutane za a rufe shagon, a mayar wa mai gida makullinsa, Baba ya koma gidan Yaya ya huta. An riga an gyara masa ɗaki, har da talabijin. Tebur da keke kuwa ba wurin ajiye su, sai dai a ba wani.

Dogo ya girgiza kai. Ya ce shi ba tsoho ba ne, hannunsa lafiya lau, ciwon ma ya yi sauƙi kwana biyu. Yana faɗa yana dafe da gefen tebur.

"Baba, ko mu je asibiti yanzu, ko in kira Yaya yanzu," in ji Auta. "Ka zaɓa."

Ya ɗauki hularsa.

Bas ɗin ta cika, kuma ba a ƙera bas don mutane irin Dogo ba. Ya tsaya kansa a karkace yana gogar rufi, hannunsa riƙe da ƙarfe, duk ramin da taya ta faɗa sai ya ji shi a tsakanin kafaɗunsa. Wata mata ta tashi ta ba shi wuri, ya ƙi, Auta ta harare shi, ya zauna. Ta taga ya riƙa kallon shaguna suna wucewa. Tsoro yake ji, kuma ya san ba tsoron a ce masa ciwon ba ya warkewa ba ne.

A asibiti suka yanki kati, suka bi layi, aka ɗauki hoton bayansa. Likitan da ya duba hoton ya ce ƙashi lafiya yake, ya tura su wani ɗaki a ƙarshen baranda inda ake gasa jiki da motsa shi. Ɗaki ne mai faɗi, da gadaje masu hawa da sauka, da igiyoyin roba rataye a bango. Likitar wurin mace ce mai ƙiba da yawan fara'a, irin mutanen da ke magana da ciwo kamar sun yi makaranta tare. Ta sa ya cire riga ya kwanta rubda ciki. Ta fara bin gefen allon kafaɗarsa da babban yatsa, tana tambayar nan ne, ko nan, yana cewa a'a.

Sai ta danna wurin.

Numfashinsa ya tsaya. Shi ne, babu ko tantama, wuri ɗaya, nauyi ɗaya, har da 'yar murzawar. Saura kaɗan ya ce ya ji. Ya cusa fuskarsa a cikin shimfiɗar gadon, kunya da haushi suka kama shi, don bai taɓa tunanin yatsan wata zai iya samun wurin ba.

"Ga shi nan, na kama ɓarawon," in ji likitar, tana dariya.

Ta yi masa bayani tana ci gaba da dannawa. Tsoka ce ta ƙulle. Kan mutum yana da nauyi, hannu ma haka, kuma in mutum ya yini a sunkuye, 'yan tsokokin da ke tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya su ke riƙe da wannan kaya duka, ba hutu. In sun gaji sai su dunƙule, in an ja su da ƙarfi sai su soki mai su. Ta tambaye shi sana'arsa, ya faɗa. Ta ce ya tashi ya nuna mata yadda yake tsayawa. Ta riƙa sauke gadon tana tambaya ko ya kai tsayin teburinsa, yana cewa ta ƙara saukewa, har gadon ya zo cinyarsa. Ya sunkuya ya miƙa hannu kamar mai yanka.

Likitar ta riƙe haɓa. "Baba, wa ya yi maka wannan tebur?"

"Ni na yi."

"To, ba don kanka ka yi shi ba."

Auta ta juya tana kallon igiyoyin roba.

Ta sake kwantar da shi, ta danna ƙullin ta riƙe har ya ji yana narkewa a ƙarƙashin yatsanta, sannan ta ɗora masa tawul mai zafi. Ta koya masa abubuwan da zai riƙa yi: ya sa ƙaramin ƙwallon roba tsakanin bayansa da bango ya murza wurin, ya ja kafaɗunsa baya kamar zai matse alli a tsakaninsu, ya mayar da haɓarsa ciki, ya riƙa ajiye almakashi lokaci lokaci ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Ya gasa wurin da ruwan zafi in ya tashi aiki. Amma ta ce duk wannan wahalar banza ce in bai ɗaga teburin ba. Ta buɗe hannunta daga babban yatsa zuwa na tsakiya ta nuna masa, taƙi guda, ko da ɗan ƙari.

Dogo ya kalli hannun nata. Ya san wannan tsayin, shi ya auna shi da kansa kafin ya ɗora zarto.

Yana ɓalla maɓallin riga ya yi tambayar da ta kawo shi. Muryarsa ta fita ƙasa ƙasa.

"Likita, in na ɗaga teburin, wannan abin da ke taɓa ni, zai daina zuwa?"

"Zai daina, Baba. Sannu a hankali, amma zai daina, har ka manta da wurin."

Ta faɗa da murna, don a ganinta albishir ta yi masa. Auta ta gode wa Allah. Shi ma ya yi godiya, don an koya masa ladabi.

A tashar bas rana ta take. Suka tsaya a ɗan inuwar wani allon talla, kafaɗarsa ta yi sakayau yadda ya manta tana iya yi, kuma wannan sauƙin ya fi ciwon tayar masa da hankali. Bai shirya faɗa ba, maganar ce ta fito da kanta. Ya ce wa Auta wurin da likitar ta danna, nan mamarsu take taɓa shi. Ya ce tun da ta tafi, nan kaɗai ya rage inda yake jin ta.

Ya zaci za ta ce masa ya yi istigfari, ko ta yi masa irin kallon da ake yi wa tsofaffin da suka fara rikicewa. Auta ba ta yi ko ɗaya ba. Ta goge ido da bakin mayafi.

"Na sha ganin ta tana yi," in ji ta. "Baba, in ta taɓa ka, me take cewa?"

Bas ta iso, suka shiga.

Da suka koma shago Auta ta ce bari ta nemo bulo a sa a ƙarƙashin ƙafafun, ko a kira kafinta ya yi sababbi. Dogo ya ce ba bulon da zai shiga shagonsa. Ya tsaya a gaban teburin ya daɗe. Fentin gefensa ya goge a wuri ɗaya, inda take jingina cikinta in za ta kai hannu nesa. Guntayen huɗu suna zaune a kusurwoyin yadin malamar, inda ya ajiye su da safe. Ya ɗauki ɗaya. Da ɗumi a jikinsa, wataƙila na ranar da ke shigowa ta taga.

Ya leƙa ya kira mai gyaran agogo, ya ce ya zo da guduma da dogayen ƙusoshi da gam. Su uku suka kwantar da teburin a gefensa. Mai agogo ya ɗauki guntu ɗaya ya kara a ƙafar farko, bai zauna ba. Ya yi tsaki ya ce wanda ya yi wannan yanka da zarto bai kamata a bar shi ya riƙe ko wuƙar tebur ba, don kowace ƙafa da irin karkatarta. Dogo ya ce a lokacin hannunsa rawa yake, matarsa ta faɗi da ciki. Mai agogo ya miƙa masa guntun.

Sai da ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kowane guntu ƙafarsa ɗaya ce, in ya same ta sai ya zauna daram, tsagar ta haɗe kamar jiya aka raba su. Ƙafafun sun yi fari da ƙura, guntayen sun yi duhu da hannunta. Ya shafa gam, ya riƙe, mai agogo ya buga ƙusa, suka ƙara ɗaure kowace da ɗan faifan katako a gefe. Duk bugun guduma sai Dogo ya ji shi a ƙirji. Abin da hannunta ya fi taɓawa a duniya ke nan, ga shi yana mayar da shi ƙasa, inda sai tsintsiya za ta riƙa taɓa shi.

Suka tayar da teburin. Ya zo daidai ƙugunsa, kamar yadda yake kafin ya rage mata shi. Shagon ya canza kama, har kujerarta ta koma ƙarama a gefensa. Mai agogo ya girgiza teburin ya ga bai motsa ba, ya tattara kayansa ya fita ba tare da barkwancin da ya saba ba. Auta ta yanki ɗan ƙyalle daga yadin da ya ɓaci, ta ce za ta shiga kasuwa ta nemo irinsa kafin a rufe. A bakin ƙofa ta rusuna ta wuce.

La'asar ta yi. Saura bayan rigar, wanda yankan safe bai taɓa ba. Dogo ya shimfiɗa yadin, ya daidaita shi da tafin hannu. Fanka ta ɗaga kusurwa ɗaya ta naɗe ta. Hannunsa ya tafi da kansa inda guntayen suke zama, ya dawo ba komai. Ya je ya kashe fankar. Shirun da ya sauka a shagon ya yi yawa, har yana jin agogunan maƙwabcinsa ta cikin bango.

Ya ja layi da alli. Ya ɗauki almakashi ya fara yanka, bayansa a tsaye, gwiwar hannunsa a kusa da jiki. Akwai ɗan tsami a inda likitar ta danna, amma tsami ne kawai, irin na wurin da aka murza. Almakashin ya ci gaba, ya kai tsakiya, ya nufi can ƙarshen tebur. Dogo ya miƙa hannu. Ya dakata a nan, almakashi a buɗe, yana saurare da bayansa.

Ba abin da ya zo.

Ya janye hannun ya sake miƙawa. Labulen ɗakin gwaji yana rataye, ko motsi ba ya yi. Kewarta ta taso masa sabuwa fil, kamar yau aka fita da ita.

Sai ya yi abin da ya san bai kamata ba. Ya ja ƙafafunsa baya, ya sauke kafaɗu, ya tura kai gaba, ya naɗe kansa a kan teburin yadda ya saba. Nan da nan ya ji tsokar ta fara ja, kaɗan kaɗan, daga nesa. Ya san hanyar. In ya daure a haka zuwa faɗuwar rana yatsan zai zo, in bai zo yau ba zai zo gobe. Tebur bai isa ya hana mutum sunkuyawa ba in ya yi niyya. Yana iya kiran ta duk ranar da ya ga dama, ta zo ta same shi a duƙe, ta faɗa masa abin da ta yi shekaru tana faɗa, ya ce ya ji.

Ya daɗe a haka, yana kallon layin alli a kan yadin malamar. A ƙasa, ta gefen idonsa, yana hango guntu ɗaya mai duhu a ƙarƙashin ƙafar tebur, yana ɗauke da nauyin.

"Dogo," in ji shi, da irin muryar da take faɗa, "miƙe."

Ya miƙe. Ya ja kafaɗunsa baya, ya sa almakashi a kan layi, ya yanka har ƙarshe. Yankan ya fita sumul, irin nata, kuma ba wanda ya taɓa shi.